Munduwar da ke Ƙarƙashin Yashi

Birnin Kudu,
Tsakiyar Fabrairu.

Zuwa ga Gwaggo Azumi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Ga man shafawa nan na ba Jafaru direba ya haɗo miki, a riƙa shafawa safe da yamma. Mu nan lafiya lau. Surukarki Sa'adiyya tana gaishe ki, ni kuma ina nan ina fama da ɗalibaina.

Kin ce in riƙa ba ki labari ko da na banza ne, to ga wani. Zulkifli, ƙanen Sa'adiyya, ya dawo daga karatu a ƙasar waje, ya kawo mini tsarabar da ban taɓa ganin irinta ba. Sanda ce doguwa, ƙasanta da faifai, samanta da abin sawa a kunne. Idan mutum yana tafe yana shawagi da faifan a kan ƙasa, duk inda ƙarfe yake a binne sai ta yi masa kuka a kunne.

Ya ce a garin da ya zauna, wanda ke bakin teku, tsofaffi ne suka fi yawo da ita. Da sassafe idan ruwa ya ja baya, sai ka hango su jefi-jefi a kan rairayi, kowa kai a sunkuye, kamar masu neman abin da suka yar a mafarki. Amma sai an karɓi takardar izini a wajen hukumar garin. Duk ramin da ka haƙa sai ka cike shi, ba a taɓa ciyawar lambun shaƙatawa, in kuma ka tsinci kayan tarihi sai ka kai musu.

Na yi dariya, na ce mu nan wa zai tambaye ka takarda. Ranar da na fara fita da ita filin ƙwallon unguwarmu, ban yi nisa ba mai unguwa ya aiko a kira ni. Ya jujjuya sandar, ya sa abin a kunne, aka jefa masa mukulli a ƙasa ya ji kukanta, ya yi murmushi. Sannan ya ce, "Malam Hadi, fili na kowa ne, yi yawonka. Amma kada ƙafar wani ta faɗa raminka, kada ka doshi maƙabarta. Duwatsun nan masu zanen mutanen da kuwa, ko inuwarsu kada ka shiga da ita." Na ce na ji.

Abin da na samu bai taka kara ya karya ba: ƙusoshi, murafen kwalba, wani cokali, da kwabo mai huji irin wanda kike ba mu labari. Amma Gwaggo, ba tsintuwar ke fitar da ni ba. Da la'asar sakaliya, idan na toshe kunnuwana hayaniyar gari ta ɗauke, sai in ji kamar ƙasa ce ke magana a hankali, tana ambaton waɗanda suka bi ta kanta suka wuce.

A gaishe da kowa.

Ɗanki,
Hadi.

*

Kwarin Marke, ta Fagam,
Ƙarshen Fabrairu.

Hadi ɗana,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na ga mai, Allah ya yi maka albarka. Gwiwa da sauƙi, har sallah nake yi a tsaye. Ka gaishe da Sa'adiyya da yara. Ga kuka da daddawa nan a wajen Jafaru, ka tabbata ya ba ka duka biyun.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Gidan nan cike yake da kunnuwa, sai ka hau kan juji kafin a ji ka, ga shi kuma abin da aka faɗa a waya iska ke tafiya da shi. Tun da na sha wahalar ajin yaƙi da jahilci da furfurata, bari in mori abina.

Labarin sandarka na karanta shi har takardar ta yi laushi. Ina da tambaya. Tana jin azurfa, ko baƙin ƙarfe kaɗai take ji? Tana ji ta cikin yashi? In abu ya daɗe ƙwarai a ƙasa, muryarsa tana dushewa, ko tana nan yadda take?

Abin da ya sa na tambaya, akwai wata 'yar munduwar ƙafa ta azurfa, mai 'yan ƙararrawa, da kogi ya tafi da ita a kwanar marke tun ba a haife ka ba. Ƙarama ce, ko hannun babba ba za ta shiga ba. Yanzu kogin ya ƙafe, yashi ne fari fat tun daga mashaya har iyakar ganinka. Da hantsi idan na fito bayan gidanmu na hango shi, sai in ga yana rawa cikin rana kamar ruwan bai tafi ba.

Kwanakin nan ina yawan mafarkin wurin. In gan ni a tsaye a tsakiyar yashi, babu kowa, sai wannan ƙarar tana tafe a gabana, in bi, ta yi gaba. Haka har in farka.

In hutunku ya zo kafin ruwa ya sauka, ko za ka zo da ita?

Gwaggonka,
Azumi.

*

Birnin Kudu,
Farkon Maris.

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Kuka da daddawa sun iso, jiya ma miyarsu muka sha, yara har da neman ƙari. Na ji daɗin jin gwiwa ta yi sauƙi.

Wato Gwaggo ashe ke ma an yi gayu a zamaninku. Na karanta wa Sa'adiyya takardarki muna ta dariya, muna kwatanta ki kina 'yar yarinya, kina taku a bakin kogi da ƙararrawa a ƙafa, duk Fagam an san kin fito. Lallai ranar da ta sulluɓe kin sha kuka, ƙila ma kin sha faɗa a gida.

Amsar tambayarki, tana jin azurfa sarai, kukanta ma ya fi na baƙin ƙarfe zaƙi. Yashi ba ya hana ta, daɗewa ma haka. Zurfi ne kaɗai ke gagararta. Sai dai in faɗa miki gaskiya, abin da kogi ya haɗiye shekara da shekaru ai ya zama nasa. Wa ya san inda ya kai ta, ko wata ta tsinta tuntuni ta narkar ta yi zobe? Ni a ganina a bar masa kayansa. Akwai maƙerin farfaru a kasuwarmu mai hannu ƙwarai, zan sa ya ƙera miki sabuwa, babba daidai ƙafarki, da ƙararrawa har biyu, ki riƙa tashin mutanen gida da asuba.

In kuma kin dage sai tsohuwar, to zan zo da shebur da diga, amma duk abin da muka haƙo raba daidai za mu yi.

Ɗanki mai tsokana,
Hadi.

*

Birnin Kudu,
Ƙarshen Maris.

Gwaggo Azumi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu nan lafiya, sai zafi da ya fara tsananta.

Makonni ke nan ina tare Jafaru a tasha, kullum sai ya buɗe mini tafin hannu ya ce babu. Da farko na zaci gwiwar ce ta tashi, amma ya ce ya gan ki da idonsa a kasuwar Gwaram kina tafiya garau. Daga nan hankalina ya ƙi kwanciya.

Ranar Juma'a na je gaishe da Inna, na ba ta labarin yadda muka yi, ina dariya. Tana tsintar shinkafa, sai na ga hannunta ya tsaya a cikin faifai.

Ta ce, "Munduwa ta ce maka? Ƙarama?"

Na ce e.

Ta ce, "Me ka ce mata?"

Na faɗa mata. Sai ta ce, "Hadi, ba munduwar kaɗai kogi ya ɗauka ba. A ƙafar Ummi take."

Na ce wace Ummi. Ta ce 'yarki ta fari, wadda ko yaye ƙanwarta Hafsat ba a yi ba lokacin. Ta ce ranar sama garau take a garinku, ashe an kwana ana ruwa a can kan duwatsu. Mata suna wanki a gefe, yara suna wasa a kan yashi, ruwa ya zo gaba ɗaya kamar bango. Aka fizge sauran yaran, ita hannu bai kai gare ta ba. Maza suka bi gaɓa kwana da kwanaki, ba a same ta ba. Ta ce ke ba kya faɗin sunanta saboda 'yar fari ce, su kuma suka daina faɗi saboda ke, har muka taso ba mu san an yi ta ba.

Gwaggo, ban san inda zan sa kaina ba. Kin buɗe mini abin da kika rufe tun kafin a haife ni, na mayar miki da wasa. Na ce a bar wa kogi kayansa. Tun ranar nake jin kalmar nan a bakina kamar na tauna ƙasa. Ki yafe mini don Allah.

Hutunmu yana farawa tsakiyar Afrilu. Zan zo, in bi yashin nan taku bayan taku har inda ƙarfina ya ƙare. Sai dai Inna ta ce tana jin an hana taɓa kwanar marke, ba ta san dalili ba. Ki bincika mana wajen Mai Gari, kada mu yi abin da za a ce mun raina mutane.

Ɗanki,
Hadi.

*

Kwarin Marke,
Farkon Afrilu.

Hadi ɗana,

Na amsa sallamarka. Lafiyata ƙalau, ka kwantar da hankalinka. Ka gaishe da innarka Batulu, ka ce na gode da ta ɗauke mini nauyin faɗa.

Ba zan ɓoye maka ba, takardarka ta sosa mini rai, na sa ta ƙarƙashin tabarma na yi kwanaki ban dube ta ba. Daga baya na ce, Azumi, yaron nan me ya sani? Kin ba shi rabin magana kina jiran cikakkiyar amsa. Na yafe maka duniya da lahira, dama babu abin yafewa.

Yayarku ba ta da hoto, lokacin ba a yi mu da hoto ba. Fuskarta ta daɗe da ɓace mini. Nakan rufe ido in nemo ta, sai in ga ta Hafsat, ko ta wata jika. Abin da bai ɓace ba shi ne ƙarar nan. Duk inda ta shiga a gida na sani, ko bayan rumbu, ko wajen 'yan maruƙa. In na ji shiru, to ta yi barci ne ko tana ɓarna.

Na je wajen Mai Gari Aminullahi. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya sallami mutane. Da na gama bayani sai ya ce, "Inna, bara wasu masu neman zinare sun zo da irin wannan na'ura, suka bar mana ramuka a yashi, saniya ta faɗa ta karye sai yanka ta aka yi. Muka zauna da dattawa muka yanke cewa daga mashaya zuwa kwanar marke ba mai sake haƙa. In na buɗe miki yau, gobe ba ni da bakin hana wani."

Na ce na ji, na fara neman takalmina. Sai ya ce, "Amma ita kwanar, tun kafin ni aka hana ta. Ko masu tifa ba sa ɗiban yashi a nan. Kin san wanda ya roƙi mahaifina haka?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Malam Manu ne, mijinki, Allah ya jiƙansa. Ina yaro ina zaune a nan ya shigo. Ya ce tun da Allah bai ba shi ikon binne 'yarsa ba, a ɗauki wurin nan a matsayin kabarinta, kada a bari shebur ya shiga."

Hadi, na zauna da Malam har ya koma ga Allah, bai taɓa faɗa mini wannan ba. Kullum da yamma yakan ce zai je duba lambu, ya dawo ƙafarsa da farin yashi, alhali ƙasar lambunmu baƙa ce. Ina gani, ban taɓa tambaya ba. Ashe kowannenmu yana ɗauke da nasa, muna kwana ɗaki ɗaya.

Da na dawo gida na ga gaskiyarsu, shi da Mai Gari. Tono kam babu shi. Saboda haka ka bar kayanka a gida, kada ka wahalar da kanka da ɗauka.

Gwaggonka,
Azumi.

*

Birnin Kudu,
Tsakiyar Afrilu.

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na gode da yafiyarki, ta sauke mini dutse daga ƙirji. Kowa lafiya, Inna tana amsawa.

Na karanta abin da Baba Manu ya roƙa, na kasa ci gaba sai da na fita waje na dawo. Allah ya haskaka kabarinsa.

Na fahimci maganarki ta ƙarshe. Tun da haka kika yanke, ba zan zo in tayar miki da abin da ya kwanta ba. Na cire wa na'urar batir, na mayar da ita kwalinta, na ɗora a kan sif. Dama tun da Inna ta ba ni labari ban sake fita da ita ba. An nemi malaman da za su yi wa 'yan ajin ƙarshe bita a cikin hutu, na ba da sunana. Sai babbar sallah in Allah ya kai mu, in zo in gaishe ki.

Ɗanki,
Hadi.

*

Kwarin Marke,
Ƙarshen Afrilu.

Hadi,

Gaisuwa a taƙaice, don Jafaru yana jira. Lafiya muke.

Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane karatu, yaya aka yi ka kasa karanta ni? Kayan da na ce ka bari shebur ne da diga da ka ce za ka zo da su. Ban ce ka bar sandar ba, ban ce ka bar kanka ba. Ranar da aka ce kun yi hutu na sa an share ɗakin baƙi, na dama fura, na zauna a ƙofar gida ina kallon duk babur ɗin da ya ɓullo ta hanyar Fagam. Takardarka kuma sai da ta yi kwanaki a aljihun Jafaru, motarsa ta lalace a Basirka.

Na koma wajen Mai Gari na tambaye shi, "Haƙa kuka hana, ko saurare?" Ya shafa gemu, ya ce shi dai a zamansu ba wanda ya kawo maganar saurare. Ya tuntuɓi dattawa da liman, suka ce babu laifi, muddin ba a sa hannu a ƙasa ba, kuma a yi a gabansa don kada wani ya ce an yi a ɓoye.

Ni ba ina so in ɗauko ta ba ne, ɗana. So nake in ji.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, jiya har mun ji ƙamshin ƙasa. In ruwa ya sauka a kan duwatsu, yashin nan sai baɗi, ni kuwa ban san ko ina cikin masu ganin baɗi ba. Ka nemi wanda zai riƙe maka ajin.

Azumi.

*

Birnin Kudu,
Farkon Mayu.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya daga wajenki, yayyafi ya tare mu a hanya amma bai yi ƙarfi ba. Yara sun yi murna da mangwaro. Ina fatan tsayuwar nan ba ta tayar miki da gwiwa ba.

Akwai abin da na kasa faɗa a gabanki, shi ya sa na zauna rubutu tun ban huta ba.

Har yanzu ina ganin safiyar nan. Rana ba ta gama fitowa ba, yashi da sanyinsa, Mai Gari ya zauna a gindin marke da carbinsa. Na nuna miki yadda ake riƙewa, ina shirin in yi gaba ki biyo ni, sai kika miƙo hannu kika ce, "Kawo, ni zan ji da kunnena." Na sa miki abin a kan ɗankwali. Kika tafi a hankali, faifan yana shawagi a gabanki, ni ina biye. Kika tsaya nan, kika saurara, kika girgiza kai. Kika tsaya can, kika wuce. Da muka kai inda kogin ya karya, inda yashi ya taru ya yi tudu, sai kika tsaya ba ki sake motsi ba. Kina kai faifan, kina dawo da shi, kina kai shi. Na ji kin ce, "Ummi." A hankali kika faɗa, irin kiran da ake yi wa yaron da ba a so a firgita shi daga barci. Na juya baya na kalli gaɓa.

Na ji lokacin da Mai Gari ya taso ya ce, "Inna, in kina so, zan sake tara dattawa a duba maganar tonon nan." Na ji kin ce, "A'a, a bar shi yadda Malam ya roƙa."

Ga abin da ke damuna. Na'urar tana da ɗan gilashi a sama da ke nuna irin ƙarfen da ta ji. Na leƙa ta kafaɗarki. Abin yana da zurfi, alamar tana ta rawa, ta ƙi tsayawa a kan azurfa, ta ƙi tsayawa a kan baƙin ƙarfe. Zai iya zama ita. Zai iya zama gwangwani, ko guntun garma da ruwa ya kawo. Kin dube ni da muka hau gaɓa, na san tambayar da ke idonki, na sunkuyar da kai. Ba zan iya ce miki ita ce ba, Gwaggo, kuma ba na so shiruna ya zama ƙarya. In na sake ɓata miki rai, ki yi haƙuri.

Ɗanki,
Hadi.

*

Kwarin Marke,
Tsakiyar Yuni.

Hadi ɗana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa ta yi ƙorafi kwana biyu ta haƙura. An yi shuka, gero har ya rufe ƙasa. Ka gaishe da Sa'adiyya da innarka. Jinkirin amsa ba fushi ba ne, ka daina tsorata, aikin damina ne ya sha kanmu.

Ba tambaya ce a idona ba ranar nan. Gani na yi ka rame, ina tunanin ko ka karya. Na tsufa, amma na san kogi yana kawo gwangwani. Tun a wurin na sani zai iya zama komai. Da na so tabbaci, da na karɓi tayin Mai Gari. Abin da na je nema na samu: na tsaya a inda take, na kira ta da bakina, wani abu a ƙarƙashin ƙasa ya amsa. Ko mene ne shi, Allah ya sa shi a wurin ya jira ni. Ka yi daidai da ka faɗa mini gaskiya, haka nake son ka.

Bayan tafiyarka da 'yan kwanaki ruwa ya sauko. Da rana tsaka ya zo, muna jin rurinsa tun daga nesa. Na fita bayan gidanmu na tsaya ina kallo har ya shafe sawunmu, ya hau tudun nan, ya rufe shi. Na yi mata addu'a, na yi wa Malam, na koma na ci gaba da tankaɗe.

Bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba. Tun ranar da abin ya faru ban sake haye kogin nan ba. Hafsat tana aure a tsallake, ana hango rufin gidanta daga gonarmu, amma in zan je sai in hau mota in zagaya ta gada, in yini a hanya. Kowa ya ɗauka jiri nake ji a kwale-kwale, na bar su a haka.

Ranar Laraba aka aiko jikata Nasiha ba ta jin daɗi. Na ɗauki mayafi, na ga ƙafata ta nufi mafitar kwale-kwale ba tasha ba. Ɗan'auta mai fito ya dube ni, ya dubi bayana ko akwai wanda na rako. Na ce ni ce, riƙe mini hannu. Na zauna a tsakiya, na ƙanƙame katako, idona a rufe. Da muka yi nisa na ji jirgin yana lilo a hankali kamar goyo, sai na buɗe. Ruwa ja, faɗi, sama a kwance a kansa, wasu balbelu suna bin gaɓa. Muka zo daidai kwanar marke. Na saki katakon, na zura hannuna a ciki har wuyan hannu.

Ɗan'auta ya ce, "Inna, mayar da hannunki, ruwan yana da ƙarfi a nan."

Na ce, "Na fi ka sanin ƙarfinsa. Tuƙa kawai."

Sanyi gare shi, Hadi, yana bi ta tsakanin yatsuna yana wucewa. Ban cire ba har muka taɓa gaɓa. Hafsat tana tsakar gida tana shanya, ta ga zanena a jiƙe, ta dubi hanyar da na fito, ta ajiye kwaryar ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Inna, ta kogi?" Na ce ta kogi. Nasiha ta warware, zazzaɓi ne. Na kwana biyu a can, na ba su labarin yayar Hafsat tun daga haihuwarta, kuma ta kogin na dawo.

Allah ya yi maka albarka, ya raya maka naka.

Gwaggonka,
Azumi.